Likkafani a Kwali

Kai da kake ce min duniya ta zo gidan sauƙi, wai ba abin da kamfanin kai saƙo ba zai kai maka ba, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani tela mutumin Kazaure da ke zaune a Agege ta Ikko, Allah ya buɗa masa a ɗinki. Shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarsa, kuma ka san iyayenmu na da da kunyar ɗan fari. Ko sunansa ba ta faɗi, "mutumin Ikko" take ce masa, balle ta buɗe baki ta ce tana kewarsa. Shekarar da ta sauke farali ta sayo farin yadi a Makka, ta tsoma shi a ruwan zamzam, ta shanya, ta sa aka yanka shi yankan likkafani. Da ya zo yi mata barka da sauka sai ta tura masa ƙunshin, idonta a ƙasa, ta ce, "Tafi da wannan ka ajiye. Ranar da aka ce maka jiki ya ƙi, kai za ka kawo min da hannunka." Ya karɓa ya sa a ƙasan akwati, shi a ganinsa ajiya ce kawai.

Ana nan, Babbar Sallah ta matso, sai ƙanwarsa ta bugo waya ta ce jikin Inna ya yi tsanani, ko kunu ba ya wucewa. Tela ya dubi shagonsa, ɗinkin mutane ya kusa taɓo rufi, kowa na jiran kayan Sallarsa. Ya ce a ransa ai ciwon tsufa ne, yau a kwanta gobe a tashi, bari ajiyarta ta riga shi, in an sauko idi ya bi baya. Ya nufi wani kamfani mai ofis na gilashi, ciki sanyi kamar randa, ma'aikata duk da riga iri ɗaya. Suka karɓa da fara'a, suka sa a kwali, suka naɗe da salatif, suka manna takardar adireshi, suka ce gobe war haka kaya na Kazaure. Gogan naka ya fito yana yabon zamani.

Gobe ta zo ta wuce, jibi ma haka. In ya buga waya a ce kaya na hanya, in ya sake bugawa a ce mota ta lalace a Mokwa, wani lokacin ma ba mai ɗauka. Rannan da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Mata sun gama wanka, ana cirko-cirko ba sutura, sai ga mai babur a ƙofar gida da kwali. Kowa ya ce ikon Allah, ya zo a kan gaɓa. Ƙanwar ta kira shi tana kuka, waya a kunnenta ta yanke salatif, sai kawai ya ji ɗaki ya ɗauki salati. Me za a gani? Jan leshi mai duwatsu yana ƙyalli, da gwaggwaro, da takalmi mai tsini. Kayan amarya sak, a gaban gawa! Tsohuwar da ta yi wankan ta ja da baya ta faɗi zaune. Tela kuwa yana tsaye a shago da almakashi a hannu, yana jin komai ta waya. Gawa ba ta jira. Aka ruga kasuwa aka yanko alawayyo, kafin azahar an kai ta makwancinta.

Ya rufe shago ya faɗa ofishin nan kamar zautacce. Suka yi ta ba shi haƙuri, wai wajen manna takarda aka yi musaya, nasa kwalin ya tafi wani gidan biki a Gombe, kuma wai za su mayar masa da kuɗin aike. Ka ji fa, kuɗin aike! Ya karɓi lambar mutanen Gombe, yana fatan ko ba komai yadin ya dawo hannunsa ya ajiye wa kansa. Uban amarya ne ya ɗauka, muryarsa har lokacin ba ta dawo daidai ba. Ya ce ranar sa lalle 'yarsa ta buɗe kwali a tsakiyar ƙawayenta, tana jiran leshi ta ga likkafani, nan take ta sume. Gida ya rikice, kowa ya ce jifa ne na maƙiya. "Bawan Allah, ka yafe mana," in ji shi. "A ranar muka ƙone shi a bayan gida, muka binne tokar." Tela ya kashe waya ya kama hanyar gida.

Da ya isa Kazaure ana zaman makoki, ya zauna a ɗakin mahaifiyarsa yana ta maimaita maganar zamzam da kamfani, yana tsine wa masu manna takarda. Ƙanwarsa ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Yaya, wallahi ko sau ɗaya Inna ba ta tambayi likkafani ba. Duk wanda ya yi sallama sai ta ɗago kai ta dubi ƙofa, ta ce, mutumin Ikko bai iso ba?" Nan ya gane abin da ya sa tsohuwa ta ba shi ajiyar nan tun farko. Kunya ta hana ta cewa ya zo ta gan shi, sai ta damƙa masa abin da ta tabbata ba wanda zai ba wani ya kai masa. Ya kifa kai a kan tabarmarta ya yi kuka irin na yara.

Don haka ka aika atamfa, ka aika takalmi, ba wanda ya hana ka. Amma akwai kayan da ba a sa wa a kwali. Masu iya magana sun riga sun faɗa: zuwa da kai ya fi saƙo.