Kunnen Thisara

Wimalasiri bai taɓa kashe injin kekensa mai ƙafa uku a ƙofar makaranta ba. Sai dai ya sauke ɗansa Thisara, ya ce, "Maza, maza!" ya juya ya nufi tashar jirgin ƙasa kafin wani ya riga shi fasinja. Tun da uwar yaron ta tafi aikatau ƙasar Larabawa, daga shi sai yaron sai tsohuwarsa a gidan, shi kuwa kullum ƙafarsa a waje.

Makarantar ta gidan ibadar unguwa ce. Kowace safiya yara cikin fararen kaya sukan ajiye furanni gaban mutum-mutumin Buddha, su zauna a ƙarƙashin itacen Bo, wanda suke girmamawa, su rufe ido su yi tsit kafin a shiga aji. Kowa yakan natsu, ban da Thisara. Ya karkata kai, ya soshi bayan kunne, ya miƙe ƙafa, ya naɗe. Har 'yan ajinsu suka laƙaba masa suna Biri.

Wata safiya malamar ajin, Malama Kusumalatha, ta sha gaban keken.

"Baban Thisara, ɗan tsaya. Yaron nan ya canja. Sai in yi ta kiran sunansa bai waiwayo ba. Ya kamata a kai shi a duba shi."

"A duba me, Malama? Ni fa na haife shi. Mu a gidanmu ba mu iya zama wuri ɗaya ba."

"Hannunsa kullum yana kunne."

"To ki ja masa kunnen, zai ji!" Ya yi dariya, ya fizgi keke.

Da yamma suna cin shinkafa da miyar kifi, yaron ya ture kwano.

"Baba, kunnena yana ƙugi. Kamar ƙudan zuma ya shiga."

Kakarsa ta ɗumama man kwakwa da tafarnuwa, ta kwantar da kansa a cinyarta, ta ɗiga masa. "Haka na yi wa ubanka, ga shi nan garau," in ji ta.

Bayan 'yan kwanaki zafin ya lafa, sai wani ruwa mai wari ya fara ɓata matashin kai. Wimalasiri ya leƙa yana saka riga, ya ce, "Ka gani? Ciwon ya fito."

Bikin Vesak, na tunawa da Buddha, ya matso, makaranta ta rikice da hidima. Wasu na fasa gora suna liƙa fitilun takarda, 'yan mata na gwajin waƙoƙin ibada, manyan ɗalibai na wanke bango. An zaɓi Thisara cikin makaɗan jerin gwano, don duk rawar kansa, in ya rataya ganga ba mai kama shi. Malama Kusumalatha ta sake tare uban.

"Kun je asibitin?"

"Bayan biki, Malama. Yanzu gari cike yake da baƙi. Wa zai bar hanya ya je ya bi layi?"

Ranar jerin gwano da la'asar, Wimalasiri ya raɓe da kekensa a bakin titi, fasinjoji biyu a baya. Ga tutoci, ga malaman addini cikin mayafansu masu ruwan goro, ga yara ɗauke da furanni. Ya nuna da yatsa.

"Kun ga na gaban nan mai jar ɗamara? Nawa ne!"

Da suka iso mararraba, malamin kiɗa ya hango motar bas ta ƙwace daga kwana. Ya hura usur. Ganguna suka ɗauke, layi ya tsaya cak.

Ganga ɗaya ce ba ta yi shiru ba.

Thisara, kansa a sunkuye, yana kiɗa yana tafiya, shi kaɗai ya shiga tsakiyar titi. Malamai suka yi ihu. Direba ya danne oda. Wimalasiri ya diro daga keke yana kiran sunan ɗansa har muryarsa ta dushe, amma yaron ko waiwaye bai yi ba. Birki ya yi ƙara, gefen motar ya kwashe shi ya watsar, gangar ta dagargaje.

A asibiti Wimalasiri ya kasa zama. Ya je ƙofa, ya dawo, ya sake komawa, har likita ya kira shi.

"Hannun da ya karye zai haɗe," in ji likitan. "Kunnen ne abin. Tun yaushe yake zubar da ruwa?"

"Ya... ya ɗan kwana biyu."

"Ba kwana biyu ba ne wannan. Ciwon ya ci har ƙashi. Na dama ya mutu, na hagu kuma abin da ya rage kaɗan ne. Da tun farko kuka zo, magani kawai zai sha."

Wimalasiri ya koma bakin gadon da yaron yake kwance. Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, labari ya kai mata, tana kuka tana cewa a ba ta ɗanta. Ya miƙa wa yaron.

Thisara ya kanga wayar a kunnen dama. Ya jira. Ya mayar da ita na hagu, ya ƙara dannawa. Sannan ya miƙo wa ubansa.

"Baba, Mama ba ta cewa komai."

Wimalasiri kuwa daga inda yake tsaye yana jin muryarta tana kiran sunan yaron.

Iyaye, ba duk yaron da ya kasa zama ne fitinanne ba, wani ciwo ne ke cin sa. In ɗanku ya yi kuka da jikinsa, ko malaminsa ya ce ya canja, ku ajiye abin da ke gabanku ku kai shi asibiti a ranar. Ciwo ba ya jiran a gama biki.