Shawara ta Huɗu

Karo na uku ke nan Malam Gamaliel ya turo wa Mijinyawa maƙalarsa a kan tebur da bayan hannu, kamar mai ture kwanon da ya gama da shi. Jar tawadar wuri ɗaya kawai ta taɓa, wurin da ta taɓa sau biyu a baya, wato shawara ta huɗu.

"Cire wannan in sa maka hannu," in ji malamin. "Ban da haka ba mu da magana."

Shekara uku ke nan da samun 'yancin kai, amma a kwalejin horon malamai da ke bakin garin Keffi doka tana nan yadda Turawa suka bar ta. Ɗalibin ajin ƙarshe sai ya rubuta maƙala a kan wata damuwar jama'a, ya kawo mafita, malaminsa ya sa hannu, sannan a ba shi takardar fita ƙofa. Wanda bai samu sa hannu ba kafin Juma'a, shekara guda zai maimaita. Ranar Talata ce, an yi hutu, kowa ya ɗaure akwatinsa ya kama gabansa. Saura Mijinyawa shi kaɗai a ɗakin kwana mai gado arba'in. Gidansu na unguwar Tudun Ƙofa tafiyar rabin sa'a ce, amma mai gadi ya san fuskarsa, kuma mai gadin ba ya wasa da aikinsa.

Sauran ɗalibai masu wayo sun rubuta a kan kwata da sauro, suka wuce lafiya lau. Shi kuwa gogan naka kuturta ya ɗauko. Yana da dalili. Gwaggonsa Madina, wadda ta yaye shi, shekara shida ta yi tana ɓoye wani tabo a kafaɗa don tsoron bakin mutane. Kafin a kai ta ga magani yatsunta sun tafi, kuma har ta rasu ba wanda ya ƙara cin tuwon da ta tuƙa.

Shawarwari ukun farko ba su dami kowa ba: a kawo ƙwayar magani kasuwannin ƙauye, a daina korar masu ciwon zuwa bayan gari, limamai da fastoci su yi wa mutane bayani. Ta huɗun ce ta tsaya wa malamin a wuya. Mijinyawa ya rubuta cewa a riƙa duba jikin kowa sau ɗaya a shekara, kuma a fara daga wannan kwaleji, malamai a gaba ɗalibai a baya, don kada kowa ya ji kunya.

Da a wata makarantar ce, da takarda ce kurum za ta kwanta a cikin kabad. Amma shugaban wannan kwaleji Bature ne mai karanta kowace maƙala da kansa, kuma ba ya jin shawara ya kwana da ita. Bara wani ya rubuta a kan masai, kafin mako ya zagayo har malamin lissafi ya riƙe diga.

Mijinyawa ya rasa abin da ya yi wa mutumin nan. Malam Gamaliel ɗan garin Gitata ne, ya fi kowa iya koyarwa, ya fi kowa ƙwalisa. Ko cikin zafin bazara rigarsa mai dogon hannu a rufe take da maɓalli har wuyan hannu. Ba ya musabaha da kowa, ɗalibai suka yanke cewa girman kai ne, Mijinyawa ma ya yarda da haka. Ya ƙi jinin mutumin, ya kuma ji tsoronsa.

Ranar Laraba ya ɗauki alƙalami zai soke shawarar. Layi ɗaya ne zai ja, gobe war haka yana tsakar gidansu ana zuba masa fura. Ya ɗora bakin alƙalamin a kan takardar, sai hannayen gwaggonsa suka faɗo masa a rai. Ya ajiye, ya zagaya filin ƙwallo sau biyar, ya je bakin ƙofa ya gaida mai gadi, ya dawo. Maimakon ya soke, sai ya ƙara sakin layi guda yana kare ta.

Ranar Alhamis da azahar ya kai ofis. Malam Gamaliel ya dubi takardar, ya dube shi.

"Mijinyawa, kai dai ba ka jin magana. Ka san gobe Juma'a?"

"Na sani, Malam. Don Allah ka karanta ƙarin tukuna. In ka ga ƙarya a ciki, ni da hannuna zan yage."

Malamin ya ƙyasta ashana, sai a karo na uku ta kama. Ya kunna sigari, ya zuƙa sau ɗaya, ya jingina, ya soma karantawa a fili, sannu a hankali, da muryar da yake yi wa daƙiƙan aji.

"'Dole a duba mutum, domin shi da kansa ba zai kawo kansa ba. Tsoron kora daga aiki da gida zai sa ya rufe jikinsa ya yi shiru. Ciwon kuwa ba ya jiran kowa. Yana kashe jin fata tun da wuri, har mutum ya taka ƙaya ko ya ƙone bai sani ba...'"

Mijinyawa ya sunkuyar da kai yana kallon siminti. Shekara guda ta tafi, ya riga ya sani. Yana tunanin yadda zai gaya wa babansa sai ya ji wani ƙauri, irin na babbakar ƙafar akuya. Ya ɗauka daga kicin ne, sannan ya tuna an rufe kicin tun ranar da aka yi hutu.

Ya ɗaga kai. Sigarin ya cinye har gindi, wutar ta lafe tsakanin yatsu biyu tana cin nama, Malam Gamaliel kuwa yana ta karatunsa, bai ji komai ba.