Ƙudajen da Suka Ƙi Mutuwa

Zuwairatu ta ɗaga kwalbar saitin taga, ta ƙwalla ihun da ya watsa kajin tsakar gida. Suna nan da ransu! Har shawagi suke yi, 'yan albarka.

Yajin aiki ne ya rufe jami'a, ta kwaso kwalaben bincikenta ta taho gida Safana, ta jera su a ɗakin kakarta, Iya Kande, don ya fi sanyi. A ciki akwai ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Digirinta kacokan a kansu ya rataya.

A jikin ƙuda akwai wani sinadari da ke zaune a bakin ƙwayar halitta kamar mai gadin ƙofa. Sai ya buɗe ake kwafo wasu ƙananan saƙonni da ake kira RNA, waɗanda ƙuda ba ya rayuwa sai da su. Zuwairatu ta lalata mai gadin, don haka mutuwarsu take jira. Ranar da ta iso ma sai da ta yi ƙwalla don tausayi, ganin wasu sun fara zubewa.

Amma sati na bin sati, ƙudaje sai ƙaruwa suke. Ashe akwai wata ƙofar da masana ba su sani ba!

Murna ta hana ta lura da komai. Mangwaron da aka aiko daga Batsari ta sha ta ƙoshi, Iya kuwa ta hana a ba awaki ɓawon, ta tara shi a bayan randa. Audugar bakin kwalba takan karkace, Zuwairatu ta ce aikin zafi ne.

Ta kira malaminta, Farfesa Armaya'u.

"Kin tabbata?"

"Wallahi, ranka ya daɗe!"

Kafin la'asar ya sanar da abokan aikinsa, ya sa sunanta cikin masu jawabi a babban taro.

Ta faɗa ɗaki ta rungume tsohuwa tana juyi da ita.

"Iya, na yi suna! Ƙudajena sun ƙi mutuwa!"

Iya Kande ta gyara ɗankwali, ta washe baki cike da alfahari.

"Yo ina suka ƙi, 'yar nan? Naki ai tuni suka mace. Kukanki ne ba na so, shi ya sa kullum nake kamo miki sababbi a kan ɓawon mangwaro."