Takardar Sunaye ta Baba Chhuon

Ranar sha huɗu ga bikin ciyar da matattu, Baba Chhuon ya iso ƙofar haikali da kwanonin abinci jere biyar, yana tafe yana hutawa. Shinkafa ce da kifi, da dunƙulen shinkafa mai danƙo a ganyen ayaba. Ya durƙusa gaban teburin Sareth kamar yadda ya saba kowace shekara.

Sareth ce ke rubuta wa waɗanda ba su iya karatu ba sunayen mamatansu. Sai an kai takarda gaban sufaye, malaman haikalin, sun yi addu'a a kanta an ƙone, sannan abinci ke isa ga mai suna. Mamacin da ba a rubuta shi ba haka zai zaga haikali bakwai da yunwa, ya koma yana tsine wa zuriyarsa.

Sunaye biyu tsohon ya faɗa, na uwarsa da na ubansa. Sareth ba mai gaggawa ba ce a rubutu. Ta daɗe sunkuye, sannan ta naɗe takardar ƙanƙan.

Daga rumfar makaɗa, ƙanenta Vanthan yana kallonsu, gogensa a kan cinya, zuciyarsa na tafasa.

Duk ƙauyen an san labarin, ba a dai faɗa. Uban Sareth da Vanthan shi ne mai gogen da ba a ɗaura aure a yankin nan sai da shi. Da mayaƙa masu baƙaƙen kaya suka karɓi ƙasa suna farautar makaɗa da masu ilimi, sai ya binne gogensa ya ce shi manomi ne. Chhuon kuwa, wanda a bikin aurensa uban ya yi gogen kwana biyu, shi ya nuna shi da yatsa. Aka tafi da uban da uwar da yayyensu maza biyu bayan gonakin shinkafa, ba su sake dawowa ba. A lokacin Sareth na da shekara sha biyu, Vanthan shida.

Abin da ya fi cin ran Vanthan ba zaman lafiyar da tsohon ya samu ba ne. Yayarsa ce. Shekara ashirin da bakwai tana yi wa mutumin nan rubutu, tana kiransa Baba, ita da ba ta taɓa kai ko cokalin shinkafa haikali da hannunta don iyayensu ba. Ya sha yi mata gori, ita kuwa sai ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da fere alƙalaminta.

Yau ma tsohon ya zauna yana zuba mata kukansa. Wai uwarsa ta sake zuwar masa a mafarki, wuya kamar zare, ciki a kumbure, tana tambayarsa me ta yi masa. Ya sayar da shanunsa biyu ya ƙara abinci, ya gayyaci sufaye har gida, amma kowace shekara sai ƙara ramewa take yi. 'Ya'yansa sun watse, gonarsa ta daina abin kirki, ga shi likita ya ce da wuya ya ga bikin baɗi.

"Ka ƙara, Baba," in ji Sareth a hankali. "Mamaci ba ya ƙoshi da wuri. Gobe rana ta ƙarshe, ka zaga duk haikali bakwai. Zan rubuta maka takarda bakwai."

Tsohon ya haɗa tafukansa ya ɗaga har goshi, yana sa mata albarka.

Maganar likitan ce ta tsaya wa Vanthan a rai. Wato haka mutumin zai mutu a kan tabarmarsa, a yi masa kiɗan jana'iza, wataƙila ma shi za a kira ya goga. Da aka koma kiɗa, hannunsa ya ƙi bin sauran, har mai ganga ya harare shi ya tambaye shi ko giyar shinkafa ya karya da ita.

Washegari da hantsi Vanthan ya zo haikali da jakar goge, amma babu goge a ciki. Adda ce, wadda ya kwana yana wasawa. Hanyar haikali na biyu ta bi ta kan gaɓar gonaki, ruwa ya cika ko'ina, kuma tsoho mai rawar ƙafa bai da wuyar faɗawa.

Sareth ta dubi jakar sau ɗaya ta gane. Ta tare shi a bakin ƙofa.

"Matsa, Yaya. Ke kin zaɓi ki zama magatakardarsa, ni ban zaɓa ba."

"Kai dai ba ka da haƙuri tun kana yaro."

"Haƙuri? Ubanmu na can da yunwa, ke kina nan kina yi wa wanda ya kashe shi hidima."

Ta waiwaya ta dubi Baba Chhuon, wanda ke fama da kwanoni yana ƙoƙarin miƙewa, sannan ta danƙa wa ƙanenta takardu bakwai ɗin, ta ce hannun tsoho na rawa, ya riƙe masa su har gaban sufaye.

"Kada ka taɓa shi," ta ce ƙasa-ƙasa. "Bar shi ya tafi da ƙafarsa. Uwarsa da ubansa na can suna jiransa, kuma suna da tambaya."

Vanthan ya so ya yayyaga takardun a fuskarta. Ya warware ta farko da nufin haka, sai idonsa ya faɗa kan rubutun. Ya buɗe ta biyu, ya buɗe ta uku.

Sunaye huɗu ne a kowacce, na ubansu da uwarsu da yayyensu biyu, waɗanda Baba Chhuon ya shekara ashirin da bakwai yana ciyarwa da hannunsa, iyayensa kuwa ko sau ɗaya alƙalamin Sareth bai taɓa rubuta su ba.