Haƙori Biyu

Sifana ba ta yi rabin zagaye ba injin ya cije. Tsohon makanikin ya shiga tsine wa sabon kamshaf ɗin da ya sayo daga Ohio, wato sandar da ke buɗe bawul ɗin inji.

'Yarsa ta leƙa da tocila. Kamshaf lafiyarsa ƙalau. Sarƙar taimin, mai daidaita juyin inji, ita ce ta goce da haƙori biyu, fistan yana dungurin bawul. Babanta ne ya ɗaura ta: mutumin da ya koya mata ɗaura inji ya daina ganin alamar saiti.

"Baba, haɗo mana kofi."

Kafin ya dawo ta gyara. Inji ya juya sumul.

"Tsatsa ce kawai," in ji ta.

"Tsatsa a sabon ƙarfe?" Ya yi murmushi, ya miƙa mata makullin motarsa. "Gobe ke za ki kai ni wajen likitan ido."