Hedimasta da Gangar Mahaifinsa

Ka ce kana jin nauyin tambaya don kada a raina ka. To, saurari wannan. An yi wani mutum, ɗan makaɗin noma, wanda boko ya kai shi birni har ya zama hedimasta. Shekara talatin yana can, bai taɓa faɗa wa kowa sana'ar gidansu ba. In aka tambaye shi, sai ya ce tsohonsa manomi ne, ya kawar da zance. Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama tsohon, aka kawo shi birni wurin ɗan. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi, abinci sai an yi da gaske yake karɓa. Kalma ɗaya ce take fita sarai daga bakinsa: ganga. Ɗan ya aika ƙauye aka tono ta daga bayan rumbu. Ɓera ya cinye fata, igiyoyin sun rube, kangon ya tsage ta gefe ɗaya. Da aka ajiye ta gaban tsoho, ya dube ta, ya juya fuska bango, ranar ko kunu bai sha ba.

Abin ya tsaya wa hedimasta a rai. Ya ce a zuciyarsa, wanda ya koyar da lissafi ai ɗaure fata a bakin itace ba zai gagare shi ba. Ya shige ɗakin ajiya ya rufo ƙofa don kada maƙwabta su gani. Ya sayo jemammiyar fata mai laushi wurin dukawa, ya ɗaura, ya buga, sai ka ce an doki matashin kai. Ya sake sayo ɗanyar fatar akuya, ya jiƙa, ya ja igiyar gefe ɗaya iya ƙarfinsa, ya kai ta rana don ta yi saurin bushewa. Kafin la'asar ta yage tun daga baki har tsakiya. Tsagar kangon kuwa ƙusa ya buga mata, ta ƙara buɗewa. Mako biyu suka tafi a haka, yatsunsa duk sun yi kanta, tsoho kuma kullum ƙara ramewa yake yi. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya naɗe gangar a buhu, ya nufi bayan rumfar mahauta ranar kasuwa, inda wani dattijo yake gyaran kalangu da ganguna. Ya gaishe shi a tsaye, ya ce wani abokinsa ne ya ba shi saƙo. Dattijon ya zare buhun, ya shafa kangon. Sannan ya ce, "Wannan itacen tare muka sare shi da mai shi, shekarar da fara ta cinye gonaki. Abokin naka ya gaya maka ko yana raye?" Mahauta na gefe suna saurare, cikinsu har da iyayen ɗalibansa. Hedimasta ya dubi ƙusar da ya buga, ya tuna kwanon kunun da ya baro ba a taɓa ba. Sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ce, "Baba, ƙarya na yi. Mahaifina ne, yana gidana kwance. Ni na ɓata ta, ban iya ba. Ka koya mini."

Ba wanda ya yi dariya. Wani mahauci ma tashi ya yi ya zaɓo masa fatar ɗan akuya marar tabo, ya ce a gaida tsoho, lokacin yana ƙauye kiɗansa ya sha sa shi noma har ya manta da yunwa. Dattijon kuwa ya ƙi taɓa aikin, ya ce hannun ɗa ya kamata ya yi. Ya sa shi ya cire ƙusar, ya cike tsagar da ƙaro da garin katako, ya shafe kangon da man kaɗe. Ya nuna masa yadda ake kankare gashi ba a huda fata ba, da yadda ake jan igiya kaɗan nan, kaɗan can, ana zagayawa, a bar ta ta bushe a inuwa. Kwana tara hedimasta yana zuwa bayan an tashi makaranta, yana zaune a ƙasa cikin ƙudaje da babbar rigarsa, masu wucewa suna gaishe shi yana amsawa.

Ran na goma ya kai ta gaban mahaifinsa, ya ɗauki makaɗi ya buga sau uku, bugun wanda bai iya ba. Tsoho ya juyo. Ya kasa kunne, ya yamutsa fuska, ya miƙo hannun hagu yana lalube har ya kama wata igiya, ya ce, "Ja nan." Ɗan ya ja, ya sake bugawa, amo ya cika ɗakin har matar gidan ta fito daga madafa da ludayi a hannu. Tsoho ya jawo gangar jikinsa, ya ɗora yatsu a kan fata yana taɓa taken manoman garinsu a hankali, hawaye na zuba, sannan ya nuna a miƙo masa abinci. Ya ƙara wata bakwai a duniya, kuma kusan kullum da yamma sai an jiyo su daga waje, uba yana gyara wa ɗa hannu.

Da mutumin nan ya ci gaba da rufe ƙofa, da fata goma zai yaga a banza, lokaci kuma ya ƙure masa. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.