Maki Sittin a Gasar Masara

Malam Ikrama ya danna maɓalli ɗaya, sai makin manoma ɗari da arba'in ya zubo a fuskar kwamfutarsa daga sama har ƙasa. Ya jingina da kujera, ya yi gyaran murya don 'yan ofis su waiwayo. Shi da bakinsa yake faɗa yanzu cewa a wancan makon har hularsa ta yi wa kansa kaɗan.

Malamin gona ne a Ikara. Ƙungiyar manoman masara ta Ikara da Makarfi da Kudan ce ta shirya gasa, za a ba wanda ya fi kowa ci gaba injin ban ruwa. Shekara biyu ana watsewa da rigima, kowane gari na cewa an yi son kai. Bana sai aka ce a ba Ikrama alƙalanci, tunda shi ya iya manhajar lissafi ta Excel, kuma na'ura ba ta da ɗan'uwa.

Ya zauna ya ƙirƙiro fomula. A cire buhunan bara daga na bana, a raba da na bara, a ninka da ɗari, sai kason ƙarin da mutum ya samu ya fito. Kowane kashi goma kuma maki ɗaya ne. Ya hana a ba shi sunaye, sai dai lambobi. Sunayen suna cikin ambulan a hannun sakatariyar ƙungiya, Madam Paulina Irmiya, wadda ta bi ƙauyuka a kan acaɓa tana ƙirga buhuna.

Shi kuwa bai leƙa gonar kowa ba. Ko tasu ta gado da ke Saulawa, tun da ya yi wani gwajin sabon tsarin shuka a cikinta bara ya ga yadda ganye ke komawa rawaya, bai sake taka ta ba, har aka yi girbi. In an tambaye shi sai ya ce aikin ofis ya yi masa yawa.

Da ya jera makin, sai ya ga abin mamaki. Wani babban manomi da ya tashi daga buhu tamanin zuwa ɗari ya sami maki biyu da rabi. Galibin mutane ba su wuce biyar ba. Amma Lamba Sittin da Uku ta tashi daga buhu uku zuwa ashirin da ɗaya a kadada guda. Ƙarin kashi ɗari shida ke nan, maki sittin cif.

Madam Paulina ta ba shi shawara ya sa wa makin iyaka, domin wannan lissafi wanda ya yi asara bara yake fifitawa. Ta kuma ce akwai maganar da take so su yi a kan lambar nan. Ikrama ya ɗaga mata hannu, ya ce alƙali ba ya jin raɗa. Ta dube shi jim kaɗan, ta mayar da ambulan cikin jakarta.

Ranar Asabar da hantsi zauren taro ya cika. 'Yan Makarfi suka zauna gefe guda, 'yan Kudan gefe guda, kowa na hararar kowa. Ga injin a kan tebur an ɗaura masa jan ƙyalle. Ikrama ya sha babbar riga, ya haska lissafinsa a bango da majigi, ya yi minti arba'in yana bayani. Wani dattijo daga Kudan ya miƙe ya ce shi bai gane yadda buhu ɗari zai zo bayan ashirin da ɗaya ba, aka fara gunaguni.

Nan Ikrama ya ga in bai kare fomularsa ba, taron zai watse kamar na bara, sunansa kuma ya bi ruwa. Ya ƙara riƙe makirufo.

"Jama'a, ci gaba muke aunawa, ba yawa ba," in ji shi. "Ku dubi lambar nan. Buhu uku a kadada! Duk wanda ya riƙe gonar nan bara, wallahi bai san bambancin fartanya da ludayi ba. Da ya zo ofishina, da na koya masa noma kyauta. Amma bana, kun ga abin da bin shawarar masana ke yi."

Zaure ya kwashe da dariya, har dattijon Kudan. Ikrama ya ji daɗi, ya ƙara da cewa irin wannan manomi kamata ya yi a ƙwace masa gona a ba shi tsintsiya. Aka tafa.

Shugaban ƙungiya ya ce a buɗe ambulan. Daidai lokacin wayar majigi ta zare, Ikrama ya duƙa ƙarƙashin tebur yana lalube, tafi ya hana shi jin sunan da Paulina ta karanta. Ya dai ji takun sanda yana matsowa a hankali, ya ji shugaba yana gaishe da wata dattijuwa, yana roƙonta ta gaya wa jama'a wane masani ta bi har ta sami wannan albarka.

Ya ɗago ke nan da wayar a hannu, sai ya ji muryar da ya sani tun kafin ya san tasa.

"Ni ban bi kowa ba, ranka ya daɗe, takin shanu na sa kamar yadda mahaifinsu yake yi," in ji mahaifiyarsa, Iya Fatsuma. "Masanin ai bara ya noma gonar, na ƙwace abata. Ga shi nan yana fitowa daga ƙarƙashin tebur."